Daga Wusasa Zuwa Abuja: Ranar Da Ake Auna Bangaskiyar Ɗan Wasa

A watan Disamba na shekarar 2024 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da a sa wa Jami'ar Abuja sunan Janar Yakubu Gowon, don girmama shi bayan ya cika shekara 90 a duniya. An yi ta ka-ce-na-ce a kan wannan shawara, waɗansu suka yaba, waɗansu suka kushe, kowa da hujjarsa. Amma a duk mahawarar da aka yi, Gowon soja da Gowon shugaban ƙasa aka riƙa ambata. Ba safai aka tuna ba cewa kafin kakin soja akwai gajeren wando da singileti, watau mutumin nan shahararren ɗan wasa ne a zamanin da yake kwaleji, kuma ɗan mai wa'azin bishara ne. Saboda haka ya dace wannan fili ya duba wani al'amari da ba a cika yin maganarsa da Hausa ba, watau yadda ɗalibai Kirista 'yan wasa suke haɗa addininsu da guminsu, da kuma darasin da hukumomin makarantu da na wasanni a Abuja za su ɗauka daga tarihinsu.

Duk mai zuwa kallon wasa ya saba ganin ɗan wasa ya durƙusa a tsakiyar fili, ko ya ɗaga yatsa sama, ko ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, kamar yadda ɗan'uwansa Musulmi yakan kai goshi ƙasa in ya jefa ƙwallo a raga. Wannan abu ne mai sauƙi, don ranar nasara kowa mai godiya ne. Abin da tarihin waɗannan ɗalibai ya nuna shi ne, akwai waɗansu ranaku dabam da ake auna bangaskiyar mutum a cikinsu: ranar da aka cire sunansa daga tawaga bayan ya cancanta, ranar da gwiwa ta goce, da ranar da wani ya miƙo masa allura ya ce babu wanda zai sani.

YARON WUSASA

Wusasa tana bayan ganuwar birnin Zazzau, kusa da dutsen Kufena. Can ne 'yan mishan na CMS, waɗanda Likita Miller ya kafa aikinsu a Zariya, suka koma da zama a ƙarshen shekarun 1920, suka gina majami'a da makaranta da asibiti. An haifi Yakubu Gowon ran 19 ga Oktoba, 1934, a ƙasar Angas cikin Jihar Filato ta yanzu, amma yana ƙarami iyayensa suka koma Wusasa saboda aikin bishara. Da Hausa ya tashi, a nan kuma ya fara karatu, ya zarce Midil ta Zariya, sa'an nan a 1950 ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda yanzu ake kira Barewa.

Wannan kwaleji ita ce aka fara kafawa a Katsina a 1921, ita ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma galibin ɗalibanta Musulmi ne daga lardunan Arewa. A cikinsu ne yaron Wusasa ya yi fice a fagen wasa. Ya kafa sabon tarihi a tseren mil ɗaya na makarantar, ya yi tsalle da sanda, ya zama kyaftin ɗin 'yan dambe, shi ne kuma mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Tsaron gida kuwa amana ce. 'Yan wasa goma sun juya maka baya sun fuskanci abokan karawa, don sun yarda ba za ka ci amanarsu ba. Ga ɗan mai bishara a raga, ga 'ya'yan malamai da na sarakuna a gabansa, da yamma a yi wasa tare, ran Jumma'a waɗannan su tafi masallaci, ran Lahadi shi ya tafi majami'a.

Wanda ya tashi haka ba abin mamaki ba ne da ya nemi magani a filin wasa sa'ad da ƙasa ta ji rauni. Yaƙin basasa ya ƙare a watan Janairu na 1970. A Janairun 1973 Ikko ta karɓi baƙuncin Wasannin Afirka karo na biyu, a cikin wannan shekara kuma gwamnatinsa ta ƙirƙiro Bikin Wasanni na Ƙasa, don samari daga jihohi goma sha biyu na lokacin su haɗu su kara da juna da ƙwallo maimakon bindiga. Masana tarihi za su ci gaba da yi wa mulkinsa hisabi, wannan aikinsu ne. Abin lura a nan shi ne yadda ya karɓi kaye. Da aka hamɓarar da shi ran 29 ga Yuli, 1975, yana taron shugabannin Afirka a Kampala, bai tada ƙura ba, sai ya wuce Ingila ya koma ɗalibi a Jami'ar Warwick, har jaridu suka buga hotonsa yana bin layin abinci tare da sauran ɗalibai. A 1996 kuma ya kafa ƙungiyar yi wa Nijeriya addu'a. Wanda ya saba a jefa masa ƙwallo a raga ya shiga ya ɗauko ta a ci gaba da wasa, ya riga ya koyi wani abu da littafi ba ya koyarwa.

TUSHEN AL'AMARIN

Dangantakar addinin Kirista da wasanni daɗaɗɗiya ce. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga mutanen Korinti, birnin da ake yin babbar gasar guje-guje a kusa da shi, ya kwatanta rayuwar mai bi da ta ɗan tsere wanda yake hana kansa abubuwa da yawa saboda ladan da yake hange. A kan wannan misali ne majami'u da makarantun mishan suka gina ra'ayin cewa horar da jiki wani reshe ne na horar da hali. Ƙwallon kwando ma kanta a irin wannan gida aka haife ta. James Naismith, wanda ya yi karatun tauhidi a Kanada, shi ya ƙago ta a watan Disamba na 1891 a makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA da ke Springfield a Amurka, don ɗalibai su sami abin yi a cikin ɗaki lokacin hunturu. Ƙwallon raga ta biyo baya a 1895 daga hannun wani ma'aikacin wannan ƙungiya.

Wanda labarinsa ya fi shahara shi ne Eric Liddell, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Edinburgh ta ƙasar Sikotilan. Gwanin tseren mita 100 ne, amma da ya ji cewa zagayen farko na wannan tsere a gasar Olamfik ta Paris ta 1924 ya faɗo ran Lahadi, sai ya janye, don a fahimtarsa ranar ta ibada ce. Aka zarge shi da ƙin ƙasarsa. Ya koma ya shirya wa mita 400, wadda ba a san shi da ita sosai ba, ya ci lambar zinariya cikin daƙiƙa 47.6. Yawancin masu ba da labarin a nan suke tsayawa, alhali kuwa sauran ya fi ban sha'awa. A 1925 ya bar suna da ɗaukaka ya tafi ƙasar Sin aikin mishan da koyarwa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojan Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien, inda ya zama uban yaran da ke tsare. Waɗanda suka zauna da shi sun ba da labarin cewa da fari ya ƙi yin alƙalancin wasa ran Lahadi, amma da ya ga yaran sun yi wasan su kaɗai har ya kai su ga faɗa, sai ya fito ya riƙe musu usur. Watau mutumin da ya ƙi karya ƙa'idarsa saboda zinariya ya sassauta ta saboda zaman lafiyar yara. A cikin sansanin ya rasu a watan Fabrairu na 1945.

A nan Arewa, ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista da ake kira FCS ta samo asali ne a Gindiri a 1957, ta kuma bazu cikin makarantun sakandare da kwalejoji, kamar yadda ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda aka kafa a Ikko a 1954, ta bazu. A 1966 aka fara gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, NUGA, a Jami'ar Badun. Tun daga lokacin ɗakin addu'a da filin wasa suke maƙwabtaka a harabar manyan makarantun ƙasar nan, kuma sau da yawa ɗalibi ɗaya ne yake fita daga wannan ya shiga wancan.

RANAR DA AKA CIRE SUNA

A shekarun 1980 wata ƙaramar jami'ar Kirista a Jihar Kalifoniya, mai suna Azusa Pacific, ta zama masaukin 'yan guje-guje da tsalle-tsalle na Nijeriya. Can ne Innocent Egbunike ya yi karatu, wanda yana cikin mutum huɗu da suka ciyo wa Nijeriya lambar tagulla a tseren miƙa sanda na mita 400 a gasar Olamfik ta 1984, ya kuma ci azurfa a gasar duniya ta birnin Rum a 1987. Tagwayen nan Davidson da Osmond Ezinwa, waɗanda ke cikin tawagar da ta ci azurfa a Barcelona a 1992, su ma can suka bi.

Amma wanda tafiyarsa ta fi dacewa da wannan magana shi ne Christian Okoye, mutumin Inugu, wanda ya isa jami'ar a 1982. Ƙato ne, gwanin jifan faifai da dalma da guduma, kuma babu abin da ya sa a gaba sai ya wakilci Nijeriya a birnin Los Angeles a 1984, tafiyar da ba ta fi 'yan mil kaɗan ba daga makarantarsa. Da aka fitar da sunaye, babu nasa. Mai karatu ya auna wannan: shekaru na tashi da asuba, ga gasar ta zo har ƙofar gida, sa'an nan alƙalamin wani jami'i ya tsallake sunanka. Da yawa a nan suke karaya, su bar wasan, su bar karatun, waɗansu ma su kama shaye-shaye. Okoye yana da shekara 23 ya shiga koyon ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga, wasan da bai taɓa yi ba. A 1987 ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi, a 1989 kuma ya fi kowa gudu da ƙwallo a duk ƙasar, da yadi 1,480. Ciwon gwiwa ya sa ya ajiye wasan bayan kaka shida kacal.

Abin takaici shi ne, alƙalamin nan bai daina tsallake sunaye ba. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 an hana 'yan wasan Nijeriya goma shiga fili saboda ba a yi musu adadin gwajin ƙwayoyi da doka ta tanada ba kafin gasar, laifin da ba nasu ba ne. Ɗaya daga cikinsu, Favour Ofili, wadda ta yi karatu a Jami'ar Jihar Louisiana, ta sake gamuwa da irin wannan a Paris a 2024, inda ta cancanci shiga tseren mita 100 amma ba a shigar da sunanta ba. Shekara 40 ke nan tsakaninta da Okoye. Haƙurin ɗan wasa ado ne gare shi, amma ba ya wanke jami'in da ya yi sakaci.

'YAR IJEBU ODE

Tobi Amusan an haife ta a Ijebu Ode a 1997, iyayenta malaman makaranta ne, ta kuma yi sakandare a makarantar 'yan mata ta Katolika da ke garin. Ita da bakinta ta ba da labarin cewa mahaifinta bai so ta yi gudu ba, karatu yake so ta riƙe, har ya taɓa ƙone mata kayan motsa jiki. Mahaifiyarta ce takan rufa mata asiri, ta ce ta tafi majami'a alhali tana filin horo. Ba za a yi saurin ganin laifin uban ba, don ya ga 'yan wasa da yawa da suka tsufa hannu wofi.

A 2016 ta sami gurbin karatu a Jami'ar Texas da ke El Paso, a 2017 kuma ta zama zakarar jami'o'in Amurka a tseren tsallake shinge na mita 100. Daga nan sai jarrabawa ta zo. A gasar duniya ta Doha a 2019 ta zo ta huɗu. A Olamfik ta Tokyo ta sake zuwa ta huɗu. 'Yan wasa sun san babu matsayi mai ciwo kamar wannan, don na ƙarshe ya san an fi shi, amma na huɗu yana jin ƙanshin lamba ba ya taɓa ta. Ran 24 ga Yuli, 2022, a birnin Eugene na Amurka, ta yi tseren cikin daƙiƙa 12.12, ta kafa sabon tarihi na duniya, a wannan rana kuma ta ci zinariya, abin da wani ɗan Nijeriya bai taɓa yi ba a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya. Da aka buga taken ƙasa hawaye suka zubo mata, duniya tana kallo. A watan Satumba na shekarar marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ba ta lambar girma ta OON a Abuja.

Amusan ba ta ɓoye addininta, ta sha faɗa a bainar jama'a cewa ga Allah ta dogara. To, amma duniya rawar 'yan mata ce. A watan Yuli na 2023 aka tuhume ta da rashin bayyana inda take ga masu gwajin ƙwayoyi har sau uku cikin shekara guda, aka dakatar da ita. Waɗanda suka yi mata tafi jiya suka fara raɗa. Kwamitin ladabtarwa ya wanke ta a watan Agusta, kotun wasanni ta duniya kuma ta tabbatar da hukuncin a watan Yuni na 2024. A Olamfik ta Paris ba ta kai ga zagayen ƙarshe ba. A watan Satumba na 2025 ta koma Tokyo, garin da ta taɓa zuwa ta huɗu, ta ci azurfa a gasar duniya. Ɗalibar da ke neman abin koyi a wurinta ta dubi shekarun nan na tsakani, a cikinsu ne darasin yake.

JARABA DA RAUNI

Jami'ar nan ta El Paso ita ce kuma ta yaye Blessing Okagbare, wadda ta ci lambar Olamfik a dogon tsalle a 2008, ta daɗe tana riƙe da tutar Nijeriya. Ana tsakiyar gasar Tokyo aka dakatar da ita saboda an sami haramtaccen sinadarin ƙara kuzari a jikinta, a 2022 kuma aka haramta mata wasa shekara goma, daga baya aka ƙara ɗaya. Ba a kawo wannan don a yi wa kowa dariya ba. An kawo shi ne don a nuna cewa makaranta ɗaya, fili ɗaya, amma zaɓi na mutum ne shi kaɗai, a ɗakin da babu 'yan kallo.

Haka batun rage shekaru yake. Tun a 2009, shekarar da Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 aka kuma yi wasan ƙarshe a Abuja, hukumar FIFA ta fara amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekarun yara. A 2016 'yan wasa 26 daga cikin waɗanda aka tara wa ƙungiyar ƙasar nan ta matasa suka faɗi wannan gwaji. Ƙungiyar da za ta yi da'ira ta yi addu'a kafin wasa, alhali takardun haihuwar da ke cikin jakar sakatare na jabu ne, wa take yaudara? Babu majami'a ko masallacin da ya halatta ƙarya, kuma duk babban da ya shiga rigar yaro ya danne haƙƙin wani yaro na gaskiya.

Sai kuma rauni, wanda ba ya sallama. Udoka Azubuike, haifaffen Ikko, ya rasa mahaifinsa yana yaro, yana da shekara 13 ya tafi Amurka ya shiga wata makarantar majami'a a birnin Jacksonville, daga nan ya wuce Jami'ar Kansas don ƙwallon kwando. Shekara shida bai sa mahaifiyarsa a ido ba sai a 2018, da aka samo mata biza ta zo kallonsa a wasan kusa da na ƙarshe na jami'o'i. Sau biyu raunin hannu yana katse masa kakar wasa. A 2020, ƙungiyarsu tana kan gaba a duk ƙasar, annobar korona ta sa aka soke gasar baki ɗaya. Shi dai ya dace, an ɗauke shi a babbar gasar NBA a wannan shekara. Amma hukumar wasannin jami'o'in Amurka da kanta takan gargaɗi ɗalibai cewa waɗanda suke zama ƙwararru masu cin abinci da wasa ba su kai 2 cikin 100 ba. Saura 98 fa? Fasto ko shugaban zumunta da ke son ɗalibinsa da gaskiya, wajibi ne ya gaya masa cewa darajarsa a wurin Mahaliccinsa ba ta rataya ga agogon alƙali ba, ya kuma kora shi aji, don ƙafa tana tsufa, takardar shaida ba ta tsufa.

FILI ƊAYA, ALƘIBLA BIYU

Musulmi mai karanta wannan fili ba baƙon wannan labari ba ne. Hakeem Olajuwon, wanda ya bar Ikko zuwa Jami'ar Houston a 1980, ya rungumi addininsa sosai bayan ya shahara, ya riƙa yin wasa da azumi a bakinsa, har aka zaɓe shi gwarzon wata a gasar NBA a Fabrairun 1995, watan da ya dace da Ramalana. Abin da ya hana Liddell gudu ran Lahadi da abin da ya hana Olajuwon kurɓar ruwa da rana dangin juna ne, kuma kowannensu zai gane ɗan'uwansa.

Arewa kuwa ta san abin da yake faruwa in aka rasa wannan ganewa. Victor Moses yana da shekara 11 aka kashe mahaifinsa, wanda fasto ne, tare da mahaifiyarsa a rikicin Kaduna na 2002. Aka kai shi Ingila neman mafaka, ya yi fice a ƙwallon makaranta, har ya yi wa ƙananan ƙungiyoyin Ingila wasa. Da lokacin zaɓi ya zo, rigar Nijeriya ya sa. A 2013 shi da Ahmed Musa na Jos suna cikin tawagar marigayi Stephen Keshi da ta ɗauko kofin Afirka. A daren nan babu wanda ya tambayi addinin wanda ya ba da ƙwallo ko na wanda ya ci, daga Sabon Gari har cikin birni murna ɗaya aka yi.

ABIN DA YA RAGE WA ABUJA

Abuja tana da duk abin da ake bukata. Ga babban filin wasa na ƙasa mai ɗaukar mutum wajen 60,000, wanda aka gina don Wasannin Afirka na 2003, aka kuma sa masa sunan Moshood Abiola a 2019. Ga Masallacin Ƙasa da Cibiyar Kirista ta Ƙasa suna hangen juna a tsakiyar gari. Ga jami'ar tarayya a hanyar filin jirgin sama da Gwagwalada, ga Jami'ar Veritas ta Katolika a Bwari, ga Jami'ar Bingham ta ECWA a Karu cikin Jihar Nasarawa, bakin iyaka da Abuja, ban da sauran masu zaman kansu. A watan Oktoba na 2024 kuma aka maido da Hukumar Wasanni ta Ƙasa a madadin ma'aikatar wasanni. Duk da haka, kusan dukan ɗaliban da aka ambata a sama sai da suka ƙetare teku kafin suka sami makarantar da ta haɗa musu karatu da horo da kula da ruhinsu a wuri guda. Wannan abin kunya ne ga ƙasar da take da jami'o'i fiye da 200.

Gyaran ba ya bukatar biliyoyin naira. Da fari, masu tsara jadawalin gasar jami'o'i da ta kwalejojin fasaha da ta kwalejojin ilimi su kauce wa lokacin sallar Jumma'a da safiyar Lahadi, su kuma yi la'akari da masu azumi, don kada a tilasta wa yaro zaɓi tsakanin ibadarsa da ƙungiyarsa. Na biyu, addu'a a fili ta zama ta ganin dama. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi shiga ibadar addinin da ba nasa ba, saboda haka mai horarwar da ke ba da riga ga wanda yake zuwa majami'arsa ko masallacinsa, ya hana wanda ya fi cancanta, ya saɓa wa doka, ya kuma saɓa wa addinin da yake taƙama da shi. Na uku, jami'o'in da majami'u suka kafa su ware guraben karatu kyauta ga yara masu baiwar wasa, musamman 'yan gudun dogon zango na tsaunukan Filato da na Mambila, da sharaɗin duk wanda ya faɗi jarrabawa ba zai sa riga ba sai ya gyara. Na huɗu, shugabannin FCS da na MSS a kowace makaranta su haɗa baki a kan abin da ba su da saɓani a kansa, watau yaƙi da ƙwayoyi, da rage shekaru, da dillalan ƙarya masu karɓar kuɗin iyaye da sunan kai yara Turai.

Su kuma ɗaliban, su san cewa addu'a ba ta maye gurbin horo. Liddell ya yi watanni yana shirin mita 400 kafin ya tsaya a kan layi, Amusan kuwa ta tsallake shinge dubbai a filin da babu mai tafi kafin duniya ta san sunanta. Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Iyaye kuma su daina ɗaukar filin wasa a matsayin matattarar 'yan iska, su dai tsaya su ga cewa yaro yana zuwa aji, yana kuma zuwa wurin ibada, su san wanda yake horar da shi da abin da yake ba shi ya sha. Allah ya ba shugabanni ikon gyarawa, ya kuma kiyaye 'ya'yan talakawa daga alƙalamin da ke tsallake suna.